Masu Zana Teku a Kan Fatar Tunkiya

Duk wanda aka shimfiɗa wa tsohuwar taswirar matuƙa jiragen Bahar Rum, wuyan dabbar ne zai fara ɗaukar idonsa. Fata ce sukutum, ta tunkiya ko ta ɗan maraƙi, an kankare gashin, an ɗame ta ta bushe, sau da yawa ba a ko yanke wuyan ba. A kanta aka zana gaɓar teku tun daga mashigin Jabal Ɗariƙ har Iskandariyya da Bahar Aswad. In ka jera zanen da taswirar yau, sai ka riƙe baki, domin kusan kowane lungu da kowane tsibiri yana inda ya kamata, alhali waɗanda suka yi aikin ba su taɓa hango teku daga sama ba.

Wadda ake ɗauka mafi tsufa cikin waɗanda suka rage, Carta Pisana, ta ƙarshen ƙarni na 13 ce, tana ajiye a Paris. Ta farko mai ɗauke da sunan mai zane da shekara kuwa ta Pietro Vesconte ce, mutumin Genoa a Italiya, a 1311.

Ga yadda gwanin ke fara aiki. Zai zagaya babbar da'ira a tsakiyar fatar da tsinin ƙarfe, ba tawada, ya raba ta gida 16 daidai wa daida, sannan ya ja layuka daga kowace alama zuwa sauran, har fatar ta koma kamar saƙar gizo-gizo. Waɗannan layuka su ne fuskoki 32 na kamfas, kowane rukuni da launinsa: manyan fuskoki takwas da baƙi, na tsakaninsu da kore, ƙananan da ja. Matuƙi ko da hasken fitila ba zai ruɗe ba.

Rubutun sunayen garuruwa shi ya fi burge ni. Ɗaruruwan sunaye ne jere reras a bakin gaɓa kamar haƙoran mataji, dukkansu ta ɓangaren tudu, don kada ko harafi ɗaya ya rufe ruwa. Manyan tashoshi da jar tawada, ƙanana da baƙa, kamar yadda malamanmu ke bambanta wasali da baƙi a rubutun hannu. Inda dutse ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa sai a sa ɗan gicciye, inda rairayi ya taru sai ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo rai ne ake tsarewa, shi ya sa hannun mai zane ba ya rawa.

Matuƙi zai duba layin da ya yi daidai da hanyarsa, ya saita jirgi da kamfas, ya auna nisa da ƙarfen nan mai ƙafa biyu, ya lissafa lokaci da kwalbar rairayi. Masana sun lura cewa Bahar Rum a taswirorin ya ɗan karkace, wajen digiri 10, kuma da yawansu na danganta haka da allurar kamfas, wadda ba ta nuna arewa cif-cif. Wannan bai cuci kowa ba, tunda taswirar da kamfas ɗin bakinsu ɗaya.

Sana'ar ta yi tashe a tsibirin Mayorka, inda ake jingina shahararriyar taswirar Kataloniya ta wajen 1375 ga wani Bayahude, Abraham Cresques. Shi bai tsaya a gaɓa ba. Ya gangara kudu da Sahara, ya sa Tambutu da Tagaza, ya zana Mansa Musa na Mali, wanda ya yi aikin hajji a 1324, zaune a kan karaga da kambi, yana miƙa dunƙulen zinariya ga wani mai rawani a kan raƙumi. Labarin fatake ne ya ƙetare hamada da teku har ya isa teburinsa.

Ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya ɗora hoton taswirar Kataloniya a intanet. Mai karatu, ka neme ta, ka faɗaɗa hoton, ka bi sunayen tashoshin gaɓar Afirka ta Arewa ɗaya bayan ɗaya.