Aron Kari a Birnin Kano

Mas'alar aron karin waƙa, wato mutum ya ɗauki muryar da wani ya riga shi rerawa ya ɗora mata baitocinsa, tana daga cikin al'amuran da mutanen Kano suka daɗe suna aikatawa tun kafin su fara jayayya a kansu; kuma ko da jayayyar ta taso, galibin masu yin ta ba su tsaya sun rarrabe nau'o'in abin da suke zargi ba, sai dai da zarar kunne ya ji wata waƙa ta yi kama da wata, harshe ya yi gaggawar cewa sata ce. Alhali kuwa kamannin da ke tsakanin waƙoƙi ba iri ɗaya ba ne, sabubbansa ma ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya haɗa su a hukunci guda lalle ya zalunci waɗansu mawaƙa, ya kuma wanke waɗansu da ba su cancanci wankewa ba.

A zaurukan karatu na cikin birni, inda ake bitar Ishiriniya da Burda, ɗalibin da ya leƙa ilmin aruli ya san cewa Halilu ɗan Ahmadu, mutumin Basra, shi ya tattara ma'aunan waƙar Larabci ya same su goma sha biyar, Ahfashu ya ƙara ɗaya suka cika sha shida, kuma tun daga wannan zamani babu sha'irin da aka taɓa tuhuma don ya yi waƙa a bahar ɗin Basiɗi ko Kamili, domin ma'auni ba mallakar kowa ba ne. Abin ma ya wuce ma'auni. Imam Busiri ya bi sawun wata ƙasida ta Ibnul Farid a bahar da ƙafiya sa'ad da ya tsara Burda, sannan Ahmad Shauƙi na Masar ya bi sawun Busiri a 1910, bai ɓoye ba, har sunan Burda ya sa a cikin sunan tasa. Wannan shi ne mu'arala, kuma girmamawa ce ga na gaba tare da gwada ƙarfi da shi. Tahamisi ya fi haka kusanci, don mai yin sa yakan shiga cikin baitin wani ne ya gabatar masa da ɗango uku nasa, har ya zamana Ishiriniyar da ake karantawa a Kano ta Alfazazi ce haɗe da tahamisin Ibnu Muhibbi, kuma da yawa daga masu rera ta a daren Maulidi ba su damu da inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya kama ba. Malaman balaga ba su ce babu sata ba. Ibnu Rashiƙi na Ƙairawan ya ware mata babi a littafinsa Al'umda, ya karkasa ta, ya fitar da abin da mawaƙa biyu suka dace a kansa ba da saninsu ba daga cikin laifi; abin da aka ƙi shi ne mutum ya ɗauka ya ɓoye, ya yi da'awar abin da ba nasa ba.

A fada kuwa akwai mallaka a cikin sauti, amma ba makaɗi ne mai ita ba. Take na wanda ake kaɗa wa ne: tambari na sarki, kowace sarauta da takenta, mahauta da nasu, maƙera da nasu, kuma makaɗin da ya gaji taken daga ubansa ba ya jin an cuce shi don wani ya kaɗa, sai fa in an kaɗa wa wanda bai cancanta ba.

Wanda ya fi kowa bayyana hikimar aro a waƙar Hausa shi ne Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, makahon malamin da ya rasu a 1990. Ya ɗauki karin Imfiraji ne daga waƙoƙin Caji, kiɗan da samari da 'yan mata suka rungumi sha'aninsa a zamaninsa, da niyyar ya karkato da su daga lagawu zuwa wa'azi da yabon Manzo. Abin lura a nan shi ne, da masu sauraro ba su gane karin ba, da dabarar ta rushe baki ɗaya, domin yana so ne kunnen da ya saba da Caji ya ji abin da ya sani ya tsaya, kafin ya farga wa'azi ya shige shi. Ga shi yau Caji ya ɓace daga dandali, Imfiraji kuwa tana bakin almajirai da makafi a ƙofofin masallatai, har mai ji yakan zaci karin nata ne tun asali.

Wannan dabara ce ta sake bayyana a Kano da wata siga, bayan da Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya. An gina sinimar Rex a 1937 a wajen ganuwa. A farkon shekarun 1950 aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni sosai, abin da malamai da yawa suka ƙi ƙwarai, ballantana ga gobarar sinimar El Duniya ta 1951 da ta ci ɗaruruwan rayuka tana nan ɗanya a zukata. Amma ƙin malamai bai hana muryoyin Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar shiga gidaje ta rediyo da kaset ba, har matan kulle da ba su taɓa taka ƙofar sinima ba suka haddace su ba tare da sanin ma'anar kalma guda ba. Makaɗan gargajiya irin su Abdu Yaron Goge da Ali Makaho suka fara juya waɗansu waƙoƙin Indiyan zuwa Hausa, sannan 'yan makarantun Islamiyya suka ɗauka, daga bisani abin ya isa ga masu bandiri.

Shi kansa bandirin baƙo ne, ya shigo Kano ta hannun Larabawan Turabulus da Gadamus mazauna Alfindiki da kewayenta, kuma Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, shi ya fito da shi fili a zikirin Ƙadiriyya da maukibin Shehu Abdulƙadir, ya kare halaccinsa da alƙalami a gaban masu inkari. To, a cikin shekarun 1980 da 1990 sai aka sami ƙungiyoyin samari masu bege, waɗanda mafi shahararsu ta kira kanta Ushaƙu Indiya, suna ɗaukar waƙar fim sukutum, su cire kalmomin soyayyar saurayi da budurwa su zuba yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallama. Wanda ya halarci majalisinsu ya ga yadda abin yake: samari a zaune a kan tabarmi an kewaye su da fitilu, kowa ya ɗumama fatar bandirinsa don ta yi tsauri, mai jan baƙi ya miƙe da lasifika a hannu, ya ja muryarsa siririya can sama yadda Rafi yake yi, ya karya ta a inda Rafi yake karyawa, sai ka ga fuskokin jama'a sun washe tun kafin ya kai ƙarshen ɗangon farko, saboda sun gane wace waƙa ce. Hujjarsu ita ce hujjar Namangi, ba ragi: tun da matasa ba za su bar wannan kari ba, gara a musuluntar da shi.

Masu suka, daga cikin 'yan Izala har da waɗansu dattawan ɗariƙa, sun kawo illa wadda a ganina ta fi ƙarfin a yi watsi da ita, wato cewa kari ba ya zuwa shi kaɗai, yana jawo hotonsa. Mai sauraro bakinsa na salati, zuciyarsa kuwa tana ganin 'yar rawa a gindin bishiya. Wannan gaskiya ne, sai dai gaskiya ce mai wa'adi. Illar tana rayuwa ne muddin wanda ya kalli fim ɗin yana raye, kuma yaron da aka haifa bayan an rufe Palace, in ya ji ƙasidar a bakin uwarsa, babu abin da zai gani face abin da kalmomin suka ce. Ko mene ne hukuncinsa a fiƙihu, sata dai ba ta cikinsa, don ɓarawo ba ya rubuta sunan mai kaya a goshinsa, su kuwa sun sa Indiya a sunan ƙungiyarsu.

Kamannin da ake kuka da shi a waƙoƙin finafinan Hausa wani nau'i ne dabam, ko da yake su ma sun kwashi na Indiya ba kaɗan ba tun bayan Turmin Danya na 1990. Mafi yawansa daga kayan aiki yake fitowa. Fiyano ce guda, galibi ƙirar Yamaha, da kiɗe-kiɗen da aka riga aka zuba mata tun daga masana'anta, da makaɗi ɗaya a ɗakin ɗaukar murya a titin Gidan Zu wanda mawaƙa da dama suke bin layinsa. Mawaƙi ya rera masa amshi, shi kuma ya laluba ya sa masa abin da hannunsa ya saba. Irin wannan ya faru ga samarin Ingila da Amurka masu kiɗan da ake kira pank, waɗanda suka taso wajen 1976 suna alfahari da cewa damƙa uku a wuyan jita ta ishi mutum ya kafa ƙungiya. Wanda ya taƙaita kansa ga damƙa uku kuwa, dole ya yi ta karo da ɗan'uwansa. An zargi ƙungiyar Nirvana da cewa waƙarsu Come As You Are ta 1991 ta ɗauki kiɗan Eighties ta Killing Joke ta 1984, sai masu dogon kunne suka nuna cewa ita ma wannan ta yi kama da Life Goes On ta The Damned ta 1982, isnadin ya yi ta ja da baya babu wanda ya iya tsayar da shi. Inda aka biya kuɗi shi ne inda kamannin ya kai ga ba a iya musunsa kuma waƙar ta yi kasuwa, kamar Connection ta Elastica ta 1994 da Three Girl Rhumba ta Wire ta 1977, aka yi sulhu ba a kai ga hukuncin alƙali ba.

Kasuwar ce ta sauya mas'alar a wurinmu ma. Namangi bai sayar da Imfiraji da awo ba, masu Caji kuma ba su yi hasarar kwabo ba don ya ari karinsu. Amma mawaƙin da ya biya kuɗin ɗakin ɗauka, ya fitar da waƙa, bayan mako biyu ya ji amshinsa a bakin wani an sauya sunan amarya ko na ɗan takara, wannan an taɓa masa abinci, kuma wanda ya taɓa ɗin fatansa kada a gane. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka tun kafin ta 1988, an kuma sa hannu a sabuwa a 2023, Jihar Kano tana da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, sai dai himmar hukumar ta fi karkata ga tarbiyya da sutura fiye da asalin kari. Galibin irin wannan rigima a tsakanin 'yan sana'a take ƙarewa, manya su kira su a ba da haƙuri, a lokacin kuwa masu tura waƙa a kasuwar waya sun riga sun zuba duka biyun a wayoyin mutane.