Tsuntsayen Audubon da Giwayen Shepherd: Ina Gaskiyar Zanen "Kamar Gaske"?

A 1515 aka sauke wata karkanda daga Indiya a tashar jiragen ruwa ta Lisbon. Albrecht Dürer, gwanin zane na Jamus, bai taɓa sa ta a ido ba. Wasiƙa da wani ɗan zane ne suka isa gare shi a Nuremberg, da su ya yi aiki. Ya lulluɓe dabbar da sulke irin na mayaƙa, ya dasa mata ɗan ƙaho a doro wanda ba a halicce ta da shi ba. Fiye da shekara 200 Turawa na kwafar wannan zane a littattafai da sunan haka karkanda take. Gwanintar ce ta ruɗe su: hannun da ya iya fitar da kowace gaɓa daki-daki, wa zai zarge shi da ƙari?

Wannan ita ce matsalar zanen namun daji na "kamar gaske". Mai kallo yana auna shi da yawan gashin da aka ƙirga, alhali gaskiyarsa tana can wurin abin da mai zanen ya sani, da abin da ya ga dama ya bari a waje.

Babu inda wannan ya fito fili kamar aikin John James Audubon, wanda aka haifa a Haiti ta yau a 1785, ya yi suna a Amurka. Littafinsa The Birds of America ya fito kashi-kashi daga 1827 zuwa 1838, da zane 435, kowane shafi tsayinsa kusan mita guda, domin ya dage sai kowane tsuntsu ya fito da girmansa na ainihi. Kafin shi, yawancin masu wannan sana'a fatun da aka cusa wa auduga suke kwafa, tsuntsu ya fito a sandare yana kallon gefe. Na Audubon kuwa suna fafatawa da maciji, suna ciyar da 'ya'ya, suna warto kifi. Amma ta yaya ya samu wannan rai? Da bindiga. Yakan harbo tsuntsu, ya soke shi da wayoyi a jikin katako, ya lanƙwasa fiffike da wuya yadda ya gan su a daji, sannan ya zana da sauri kafin launi ya dushe, gawa ta fara wari. Zanen da ya fi kowane zane motsi a zamaninsa, daga matattu aka ɗauko shi.

Ko girman da yake taƙama da shi ya tilasta masa dabara. Filamingo ya fi takarda tsawo, sai ya sunkuyar da wuyansa har ƙasa don ya shiga shafi. Ganyaye da furannin da ke bayan tsuntsaye da yawa ma mataimaka ne suka zana, irin su Joseph Mason da Maria Martin, Robert Havell kuma ya sassaƙa mafi yawan aikin a farantan jan ƙarfe a Landan. Duk da haka ban yarda da masu cewa aikin yaudara ne ba. Audubon ya yi shekaru a fadamu da dazuzzuka yana lura, kuma akun Carolina da ya zana guda bakwai a kan reshe, wanda na ƙarshensa a tsare ya mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1918, yau ta hannunsa mutane da yawa suka san kamanninsa.

Zuwan kyamara bai kashe sana'ar ba. Hoto yana kama tsuntsu guda a haske guda. Mai zane yana tattara abin da ya gani a tsuntsaye ɗari ya fitar da siffar jinsin. Shi ya sa littafin jagoran gane tsuntsaye na Roger Tory Peterson na 1934, mai 'yan kibiyoyi da ke nuna alamomin gane kowane tsuntsu, ya kafa tafarkin da ake bi har yanzu.

Inda nake da ja shi ne filin da ake ajiye dabbar. David Shepherd, Baturen Ingila da ya rasu a 2017, ya shahara da giwayen Afirka ta Gabas: toron giwa ya taso, kunnuwa a baje, ƙura ta turnuƙe. Aiki ne na wanda ya san giwa, kuma gidauniyar da ya kafa a 1984 ta zuba kuɗin zane wajen yaƙi da masu farautar haure. Sai dai a irin waɗannan zane-zane, nasa da na ɗimbin masu bin sawunsa, da wuya ka ga makiyayi, ko saniya, ko hayaƙin ruga. Dajin fayau yake, kamar ɗan Adam bai taɓa taka shi ba. Alhali Masai sun daɗe suna kiwo a filayen Serengeti, sai a 1959 hukumar mulkin mallaka ta fitar da su daga gandun zuwa yankin Ngorongoro. Mai saye a Landan dajin da babu kowa yake so a bangon falonsa, masu zane kuma suka ba shi abin da ya biya.