Zare Ba Ma'auni Ba Ne: Nazarin Littafin Pike da Selby

A shekarar 1988 Graham Pike da David Selby, malamai a Jami'ar York ta Ingila, suka fitar da littafinsu Global Teacher, Global Learner. Cikin manufofi 5 da suka shimfiɗa wa ilmin zaman duniya, ta farko ita ce yaro ya gane al'amura a sarƙe su ke, watau abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa saura. Wannan manufa ba ta da aibu. Abin dubawa shi ne hanyar koyar da ita.

Marubutan sun dogara ƙwarai ga wasanni. A wani darasi da suka yaɗa, yara kan wakilci matsaloli, kamar yunwa da yaƙi, a riƙa miƙa zare tsakaninsu har ajin ya zama kamar saƙar gizo. Lalle yaro zai ga dangantaka da idonsa. Amma fa zaruruwan duk kaurinsu ɗaya, alhali dalilai ba nauyinsu ɗaya ba.

Sai a gwada hanyar nan da Tafkin Chadi. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Yaron da aka horar da zare zai haɗa janyewar tafkin da madatsar Tiga ta 1974, gama ruwan Kogin Kano ta Komadugu Yobe ya ke isa can. Dangantakar gaskiya ce, sai dai ƙarama, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogunan da ke shiga tafkin daga Shari da Logone ya ke zuwa. Cutarwar Tiga a fadamun Haɗejiya da Nguru ta fi faɗawa.

Nan ne littafin Donella Meadows, Thinking in Systems, na 2008, ya yi masa fintinkau, tun da ya ke ya tilasta wa mai karatu auna abin da ke shiga, da mai fita, da wanda ya taru.

Saboda haka malaman kwalejojin horon malamai kada su yar da zaren, amma su haɗa shi da ƙididdiga. In ba haka ba, za a yaye waɗanda suka san kome na da alaƙa da kome, ba su san inda za a fara gyara ba.