Littafin da Ka Fi So, da Wanda Kake Faɗa a Gaban Mutane

Mu goma sha ɗaya ne a kan tabarma ranar, bayan la'asar, a zauren wani abokinmu inda muke haɗuwa duk ƙarshen wata mu yi hirar littattafai. Wani baƙo da aka zo da shi ya ce kowa ya faɗi littafin Hausa da ya fi so a rayuwarsa. Aka fara daga dama. Na farko ya ce Magana Jari Ce. Na biyu ma haka. Na uku ya ce Ruwan Bagaja, aka gyaɗa kai. Kafin layi ya zo kaina an ambaci littattafan Abubakar Imam sau takwas, Iliya Ɗan Maiƙarfi sau ɗaya, Shaihu Umar sau ɗaya. Ni ma na buɗe baki na ce Magana Jari Ce.

Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta. Na san mutanen nan ciki da bai. Wanda yake zaune a gefena, tare da shi muka raba dare a kan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, shekara talatin da wani abu da suka wuce, da fitilar ƙwai a tsakaninmu, ɗaya na karantawa ɗaya na sauraro. Da muka zo inda Sumayya ta faɗa rijiya, sai da ya karɓe littafin daga hannuna ya sake karanta wurin da idonsa, don bai yarda ba. Wani kuma a cikinmu har yau in ka shiga ɗakinsa za ka tarar da littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini jere a kan kanta. Amma da aka tambaye su a gaban baƙo, babu wanda ya ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ba na cewa mun yi ƙarya. Wa zai raina Magana Jari Ce? Tun da juzu'ansa uku suka fito tsakanin 1937 da 1939, ba a sami wanda ya sarrafa Hausa a kan takarda da sauƙi da zaƙi irin na Imam ba. Dubi dabarar da ya ɗora littafin a kanta: aku ne yake riƙe ɗan sarki Musa da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Wannan shi ne aikin mai ba da labari gaba ɗaya, ya hana ka tashi. Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya yi musu wankan Hausa har ba ka gane baƙi ne. Ni kaina ina komawa gare shi duk bayan 'yan shekaru, kuma kullum sai na tsinci abin da ban lura da shi a da ba.

Damuwata ita ce amsar ta zama hular zuwa biki. Ana sa ta ne don a fita kunyar jama'a. Wanda ya ce Magana Jari Ce ya tsira: babu mai yi masa kallon ɗan soyayya, babu mai tambayarsa dalili. Kuma baƙon da ya yi tambayar ya tashi hannu rabbana, domin littafin da muka nuna masa tun yana aji huɗu na firamare ya san shi. Mutum goma sha ɗaya da suka cinye ɗaruruwan littattafai, a ce ba su iya ba shi sunan ko guda ɗaya da zai je ya nema ba!

Kunyar nan tana da asali. Littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, hukuma ce ta buga su, makaranta ta rungume su, jarrabawa ta tabbatar da su. Waɗanda kamfanin NNPC na Zariya ya fitar daga baya, irin So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, su ma sun sami wannan inuwar. Amma daga tsakiyar shekarun 1980, da takarda ta yi tsada manyan kamfanoni suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa a Kano. Aka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano. Aka yi shekaru ana fafatawa a shafukan jarida, musamman New Nigerian, tsakanin Ibrahim Malumfashi da ke ganin abin ba zai yi ƙarko ba, da su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu da ke kare shi. Masu wa'azi suka sa baki, iyaye suka sa baki, har a 2007 aka tara irin waɗannan littattafai aka cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Yaron da ya tashi yana ganin ana ƙwace littafi daga jakar yayarsa, ya koyi darasi tun da wuri: akwai abin da ake karantawa, akwai kuma abin da ake cewa ana karantawa.

Ni ɗan aike ne kafin in zama makaranci. Yayata tana gidan miji, ba ta fita, ni ne ƙafarta zuwa shagon hayar littafi da ke bakin titin unguwarmu. Shago ne ɗan ƙarami, igiyoyi a ɗaure daga bango zuwa bango, an rataye littattafai a kansu kamar shanya. Kowanne an sa masa rigar leda, wasu an ɗinke bayansu da zare saboda yawan hannu. Mai shagon yana da wani dogon littafin rajista da yake rubuta sunan mai haya da ranar dawowa. Bai taɓa ganin fuskar yayata ba, amma ya san ta fiye da wasu danginmu. In na miƙa masa wanda ta gama, sai ya tambaye ni, “Yaya ta ce?” In na ce ta ce ya cika surutu, sai ya yi shiru, ya bi igiya da ido, ya zaro wani. “Kai mata wannan. Ka ce mata ta yi haƙuri da farkonsa, daga shafi na ashirin yake kama wuta.” Wata rana na ce masa a ba ta irin na jiya. Ya girgiza kai. “Ba yau ba, ɗan samari. Ka ce an yi rasuwa a gidan mijinta, ko? To ba za a ba mai makoki littafin da ake mutuwa a ciki ba.” Ya ba ni na barkwanci.

A hanyar komawa nake tsayawa ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya in karanta shafi goma kafin in kai mata. Ta haka na shiga hannun Bilkisu Salisu Ahmed Funtua, wadda mata suke kira Anti Bilki, na karanta Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? tun ban san rabin abin da suke nufi ba.

Mai shagon nan shi ne mafi iya ba da shawarar littafi da na taɓa sani, kuma bai taɓa rubuta jerin littattafai goma da ya wajaba kowa ya karanta ba. Yana duban mutum ne da halin da yake ciki, sannan ya ɗauko abin da ya dace da shi, kamar mai maganin gargajiya da ba ya ba kowa saiwa ɗaya. Yana kuma faɗin aibin littafi kafin ya ba ka. Abin da muka kasa yi wa baƙonmu ke nan.

Da zan sake samun wancan zama, da na tambayi baƙon me yake nema. In mutum ne mai ganin littattafan Kano duk soyayyar banza ce, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zan miƙa masa. Labarin Rabi ne, matar da ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara, ya auro wata, ya kore ta da yaranta, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Abin da ya kama ni a littafin shi ne lissafi: kuɗin cefane da ba ya isa, kuɗin makaranta, wanda zai ba da gudummawa a dangi da wanda zai kau da kai. Ban san wani littafin Hausa kafin shi da ya zauna a tsakar gida ya ƙirga wa mace wahalarta kwabo-kwabo haka ba. Marubuciyar, ƙanwar marigayi Janar Murtala, ita ma an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, shi ya sa Wa Zai Auri Jahila? yake da zafin da ba a aro shi. Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990. A 2012 wani kamfani a birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi. Mutanen Chennai sun ga abin bugawa a cikinsa, mu kuma muna jin nauyin ambatonsa a zaure. Ina da ƙorafi a kan ƙarshensa, yadda aka matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin bayan gobara ta cinye masa shago, kuma zan faɗa wa wanda na ba shi cewa ya shirya jin haushi a nan.

In saurayi ne mai son tashin hankali da ƙarar bindiga, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga cikin waɗanda gasar gwamnatin tarayya ta fitar a 1982. Ya ɗauki Mailoma, Bamaguje da ya ga yaƙin basasa, ya nuna abin da ke faruwa in aka koya wa mutum kisa sannan aka sallame shi ba sana'a. Wanda ya karanta shi yau, da abin da ke faruwa a dazuzzukanmu, gabansa zai faɗi. In kuma mai zuciyar ɗaukar magana mai ɗaci ne, 'Yar Tsana na Ibrahim Sheme, wanda ya bi rayuwar 'yar bariki ba tare da ya yi mata tofin Allah tsine daga shafin farko ba, ya kuma ci gasar rubutun Hausa ta Karaye a 2007. Shi ba zan ba yaro ba, kuma zan faɗi dalili.

Na san abin da za a ce mini: ai yawancin littattafan nan ƙaiƙayi ne. Gaskiya ne, da yawa an rubuta su da gaggawa, ba edita, ƙa'idar rubutu a karye, labari ɗaya ana ta sauya masa suna. To ai wannan ne ma ya sa ake bukatar masu faɗin gaskiya. Inda ƙaiƙayi ya yi yawa, nan ake neman mai sheƙa. In waɗanda suka fi kowa karatu suka noƙe suka ce su Imam kaɗai suka sani, wa zai nuna wa na baya tsabar da ke ciki?

Yanzu shagunan haya sun kusa ƙarewa, karatu ya koma waya. Marubuta, galibinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mai son ci gaba ya biya 'yan ɗaruruwan naira a sa shi a rukuni, wasu kuma suna saurare a YouTube suna wanke-wanke. Ban ga laifin wannan ba, karatu ne, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna akwai alƙaluma masu kaifi a cikin 'yan matan nan. Abin da ya ɓace shi ne mai shago. Sai ka ga an rubuto, “Don Allah a taimaka min da littafi mai daɗi wanda aka gama.” Nan take a zubo mata ashirin, ba bayani, wani ma an goge sunan wadda ta rubuta shi. Babu mai tambayarta shekarunta, ko wanne ta karanta ta ji daɗi, ko me take ciki. A zaurenmu an ba baƙo suna ɗaya da ya riga ya sani, a waya ana ba yarinya ashirin da ba ta san ta inda za ta fara ba, kuma a duka biyun babu wanda ya dube ta ko ya dube shi.

Akwai kuma asarar da ba a cika magana a kanta ba. Littafin da ba a ambatonsa ba a nemansa, wanda ba a nemansa ba a sake buga shi. Magana Jari Ce ba zai ɓata ba, makaranta na riƙe da shi. Amma je ka nemi littattafan shekarun 1990 a kasuwa ka gani. An buga su a takarda mai araha, gara da damina sun ci rabonsu, waɗanda suka rage suna cikin akwatunan iyayenmu mata a ƙarƙashin gado. Duk lokacin da makaranci ya ji kunyar faɗin sunan wanda ya sa shi kuka, ya ƙara tura shi cikin akwatin.

Watan jiya 'yar yayata, wadda take shirin shiga jami'a, ta same ni ina gyara kantar littattafaina. Ta ce, “Kawu, wane littafi ka fi so?” Magana Jari Ce ya zo har bakina, na haɗiye shi. Na ce ta fara gaya mini wanne ta karanta kwanan nan. Ta ambaci wani na waya, ta ce ya yi daɗi amma matan ciki duk kuka suke yi, babu mai tashi ta yi wa kanta wani abu. Na durƙusa na jawo kwalin da ke ƙasa, na zaro Wa Zai Auri Jahila?, bangonsa ya yage, an ɗinke bayansa da baƙin zare. Na ce mata akwai inda zai ja ta da tsawo, ta daure, jarumar littafin, Abu, za ta tashi. Ta juya shi ta ga sunan da aka rubuta da biro a shafin farko, ta ɗago kai.

“Kawu, ai wannan rubutun Umma ne.”

Na ce nata ne, ni na sayo mata shi daga hannun mai shagon ranar da zai rufe. Ta zauna nan bakin ƙofa ta buɗe shafin farko, ni kuma na ci gaba da gyaran kanta.