Idon Masassaƙi: Yadda Ake Gane Itace Bayan An Raba Shi Da Ganyensa

Akwai masu cewa sanin itace da ido shaci-faɗi ne. A ganinsu, da zarar an sare bishiya, an ɓare ta, an tsaga ta katako, babu mai iya faɗin sunanta sai ɗakin bincike. Wannan magana ta wanda bai taɓa zama gindin masassaƙi ba ne.

Sassaƙa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma rabinta zaɓen itace ne. Kirya ta turmi da taɓarya ce, gawayinta na maƙera. Aduwa ta allo. Marke na ƙota. Giginya ta azara, don gara ba ta cika damunta ba. Da Bature J. M. Dalziel ya fitar da littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ba shi ya raɗa sunayen ba, a bakin mutanen ƙasa ya same su.

Wanda bai ƙware ba launi yake fara duba, nan ne kuma ake cutarsa. Maɗaci ja ne, kawo ja ne, kirya ma ja ce mai duhu, dukkansu kuma suna ƙara rinewa idan sun sha iska da rana. Akushi baƙanta shi ake yi. Kafinta kuwa yana iya shafa wa farin katako mai arha kala ya fito kamar maɗaci. Nauyi ya fi launi gaskiya: rimi ba shi da nauyi, farce ma yana shigarsa, kirya kuwa sai an yi nishi. Sai dai ɗanyen itace ya fi busasshe nauyi, saboda haka shi ma shaida ce guda, ba hukunci ba.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce duban kan itace, wato inda zarto ya gitta gungumen. A sa wuƙa mai kaifi sosai a fere ɗan wuri, faɗin farce ya isa, a shafa ruwa kaɗan, a karkata shi ga haske. Wuƙar da ta dakushe murje wurin take yi, ta toshe abin da ake nema. Abin da ake neman kuwa ƙananan ramuka ne, hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye tun bishiyar na tsaye. Kowane iri da yadda Allah ya jera masa su, kuma kala ba ta canza jerin.

A kawo ramukan manya ne, ido yana ganinsu, kowanne da farin zobe mai tsini hagu da dama, kamar idon da aka ja wa kwalli. Wasu ramukan za a tarar da garin rawaya a cikinsu. A maɗaci babu wannan zoben. Abin da ake gani shi ne baƙin ƙaro da ya daskare a cikin ramukan. A fuskar katakon kuma jijiyarsa saɓa wa juna take yi, wani layi ya kwanta dama wani hagu, shi ya sa yake ba da ratsi-ratsi masu walƙiya, shi ya sa kuma yake tsagewa ba daɗi yana gardama da gizago. Madobiya tata daban ce: siraran fararen layuka masu lanƙwasa suna haɗa rami da rami, zuciyar rawaya ce mai ja da ratsin duhu, gefen fari. Idan aka duba fuskarta da gilashin ƙara girma akan ga wasu ƙananan layuka a jere a gicciye. In da sauran ɓawo a jiki an huta, domin ƙaron madobiya ja ne wur. Giginya ba ta ma buƙatar gilashi, kanta baƙaƙen ɗigo ne birjik, ba zobe ko ɗaya.

Abin da masu sukar ba su lura da shi ba shi ne, masanin ɗakin bincike ma wannan fuskar yake ferewa ya duba. Masanan da kansu sun yarda cewa duban ramuka galibi dangin bishiya yake kai mutum, ba ainihin irinta ba. Maɗaci yana da 'yan'uwa a kurmin kudu masu kusan jeri ɗaya da shi. To wa zai ƙarasa? Wanda ya san daji. Masassaƙin da aka ce masa gungumen daga ina ya fito ya riga ya san abin da ke tsirowa can da wanda ba ya tsirowa, ya san ƙanshin ɗanyensa, ya san ƙarar da yake yi idan aka ƙwanƙwasa. Wannan ba kintace ba ne, ilimi ne da gilashi ba ya da shi.

Maganar kuma ta wuce kasuwar katako. An yi wa madobiya sarar ƙare-dangi a Afirka ta Yamma, musamman a jihar Taraba, ana lodinta zuwa ƙasar Sin don yin kayan ɗaki masu tsada, har aka sa ta cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, matakin da ya fara aiki a 2017. Doka na kan takarda, amma gungume ba ya zuwa da suna a goshi. Idan jami'in kwastan ko na gandun daji bai iya raba madobiya da kawo ba, abin da mai kaya ya rubuta shi ne gaskiya.

Ina kira ga makarantun koyon aikin gandun daji da su gayyato tsofaffin masassaƙa su koyar, a biya su kamar kowane malami, a kuma tara guntayen itatuwanmu da sunayensu na Hausa tun masu sanin suna raye.