Majami'a da kasuwa: sake duba maƙalar Eric Raymond

Masu goyon bayan buɗaɗɗiyar manhaja sun daɗe suna riƙe da The Cathedral and the Bazaar (1997) tamkar makami a gabarsu da kamfanoni irin su Microsoft. A ganinmu an yi wa maƙalar gurguwar fahimta. Majami'ar da Raymond ya fi nufi ita ce tsarin aikin GNU na Richard Stallman, inda ƴan ƙalilan ke gini a keɓe. Wato tun asali gardamar ta cikin gida ce. Kasuwar ma tana da sarki, tunda Linus Torvalds ke yanke abin da zai shiga Linux.

Inda muka fi saɓawa da marubucin shi ne da'awarsa cewa yawan idanu na tono kowane kuskure. Ɓarakar Heartbleed ta yi shekara 2 cikin OpenSSL kafin a gano ta a 2014: masu amfani miliyoyi, masu dubawa ƴan tsiraru, galibinsu ƴan sa-kai. Haka kuma maƙalar ba ta hango cewa kamfani na iya sayen filin da kasuwar ke ci ba. Microsoft, wadda shugabanta ya kira Linux ciwon daji a 2001, ta sayi GitHub a 2018 kan dala miliyar 7,5.