Akwatin Jimi da Rawanin Kura: Nazarin Samartaka, Abota da Sutura a Fim ɗin Mustafa Alhassan

Gabatarwa

A shekarar 1966, shekara shida bayan Jamhuriyar Nijar ta sami mulkin kai, wani matashi mai suna Mustafa Alhassan ya shirya gajeren fim da ya sa wa suna Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Tsawonsa bai wuce rabin sa'a da 'yan mintoci ba, amma masana tarihin fim suna lissafa shi a matsayin fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya shirya. Wannan maƙala za ta dubi yadda fim ɗin ya sarrafa samartaka da abota da sutura, sannan ta auna shi da tarihin ƙasar Kura da Bunkure a Jihar Kano, domin yankin yana da tsohuwar alaƙar tufafi da Nijar, kuma samarinsa sun fuskanci irin sauyin da fim ɗin ya hango.

Mai fim da zamaninsa

An haifi Mustafa Alhassan a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015. Ya fara koyon aikin fim a Yamai tare da Bafaranshen nan Jean Rouch, daga baya ya je Kanada ya ƙaro ilimin fim ɗin zane a wurin Norman McLaren. Ya tashi a zamanin da gidajen silima suka cika biranen Afirka da finafinan kaboyi na Amurka. A Kano an buɗe silimar Rex tun 1937. A Kinshasa samarin shekarun 1950 sun kafa ƙungiyoyi suna kwaikwayon shigar kaboyi da tafiyarsu. A fim ɗin Moi, un noir na 1958, Rouch ya nuna 'yan cin ranin Nijar a Abijan suna kiran kansu da sunayen taurarin silima. Saboda haka abin da Alhassan ya ɗauka al'amari ne da yake gani a kan titi, ya mayar da shi labari.

Labarin a taƙaice

Wani saurayi, Jimi, ya dawo gida daga Amurka da akwati cike da tsaraba. Da abokansa suka taru ya buɗe, sai ga malafa da takalma masu tsawo da ɗamara da bindigogi. Kowa ya ɗauki nasa ya sanya, kowa kuma ya ajiye sunan yanka ya ɗauki sabo: wannan Black Cooper, wancan James Kelly, wani Casse-Tout, budurwar da ke cikinsu ta zama Sarauniya Christine. Daga nan suka hau dawakai suka shiga shaye-shaye da caca da faɗa da kwasar abin da ba nasu ba, har suka gallabi gari, manya suka rasa yadda za su yi da 'ya'yan cikinsu. Wasan da aka fara da dariya ya kai ga zubar da jini.

Sutura a matsayin jigo

Ƙarfin fim ɗin yana cikin tsarin da ya bi: tufafi ne suka fara zuwa, suna ya biyo baya, hali ya zo a ƙarshe. Babu wanda ya yi wa samarin huɗubar tawaye, babu kuma wani zalunci da aka nuna an yi musu wanda zai sa su ɗauki makami. Sun sanya kayan da suka san ma'anarsu daga silima, sai suka ga ya zama dole su aikata abin da masu kayan suke aikatawa. Wanda ya rataya bindiga a ƙugu ba zai koma ya durƙusa gaban dattijo kamar jiya ba, domin kayan da kansu sun hana.

Domin fahimtar nauyin wannan, sai a tuna matakan sutura a ƙauyukan ƙasar Hausa na tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Yaro yana yawo da bante, ya girma ya sami 'yar shara ko taguwa, manomi da maƙeri suna ɗaura walki a bakin aiki, babbar riga kuwa sai an zama magidanci, rawani kuma na malami ne ko mai sarauta ko dattijo. Kowace riga tana zuwa da haƙƙin da mai ita zai sauke, kuma mafi yawa wani babba ne ke ba da ita: uba, ko malami ranar saukar karatu, ko sarki ranar naɗi. Akwatin Jimi ya rushe wannan tsani a yini guda. Tsara ne ya tufatar da tsararsa, ya ba su kamannin iko ba tare da wani nauyi a bayansa ba. Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Alhassan ya yi dariyar kaboyi, amma da masu sabuwar shiga na bayan mulkin kai yake, kamar yadda ya fito fili da su a fim ɗinsa na 1972 mai suna FVVA, wanda ya soki masu rububin mata da mota da gida da kuɗi.

A nan akwai buƙatar hattara, domin mai karatu zai iya gaggawar yanke cewa laifin na baƙon tufa ne kawai. Malaman fiƙihu, musamman a mazhabar Malikiyya, sun bar siffar tufafi ga al'adar kowace ƙasa muddin an rufe al'aura kuma an kauce wa girman kai da abin da shari'a ta hana. Aya ta 26 a Suratul A'araf ta ambaci tufar da ke rufe tsiraici da ta ado, sannan ta fifita tufar tsoron Allah a kansu. Da wannan ma'auni, samarin fim ɗin ba su rasa sutura ta farko ba, ta biyu ma sun same ta har ta yi yawa. Abin da suka tuɓe tare da tsofaffin rigunansu shi ne kunya, kuma wannan ne fim ɗin ya sa mai kallo ya gani.

Abota

A al'adar Bahaushe abota tana da aiki. Aboki ne ke taya aboki gayya, shi ke raka shi zance, shi ke tsayawa a matsayin babban abokin ango, kuma akwai sarkin samari da ke tsawata wa tsara. Abotar da ke cikin fim ɗin ta fara da wannan kyakkyawar fuska, domin tsaraba alama ce ta cewa matafiyi bai manta da nasa ba. Sai dai kyautar ta sauya asalin zumuncin. Labarin kaboyi yana buƙatar gwarzo da abokin gaba, don haka da samarin suka shiga cikinsa sai da suka nemi wanda za su kara da shi, na farko a gari, daga baya a tsakaninsu. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, mugun aboki kuma da mai hura zugar maƙera, yana da amfani a nan, amma fim ɗin ya ƙara wata lura: Jimi bai nufi sharri ba. Ana iya ƙona rigar aboki da kyakkyawar niyya idan ba a san abin da aka ɗauko ba.

Inda fim ɗin ya gaza

Gajartar fim ɗin ta jawo masa naƙasu biyu. Na farko, bai ba mai kallo isasshen lokaci da samarin kafin buɗe akwati ba. Ba a ga ƙuruciyarsu ba, ba a ga abin da ya ɗaure su da juna ba, don haka rabuwarsu ba ta yi zafin da ya kamata ba. Na biyu, ya nuna ruɗewar manya amma bai tuhume su sosai ba. Bai tambayi abin da gari ya tanadar wa saurayin da ya ga duniya ta sauya ba. Duk da haka, hoton mahaya da malafar Amurka suna sukuwa a dajin da raƙuman dawa ke kiwo ya isa ya nuna rashin dacewar mafarkin da ƙasar da aka kawo shi.

Akwai kuma darasin da ya faru a wajen fim. Zalika Souley, wadda ta fito a matsayin Christine, ta sha tsangwama daga jama'ar da ta kasa bambance ta da matan da take fitowa a matsayinsu, kamar yadda Rahmatou Keïta ta nuna a fim ɗinta na gaskiya mai suna Al'lèèssi. Ashe kuskuren ɗaukar riga a matsayin mutum bai tsaya ga samarin labarin ba, ya haɗa da masu kallo.

Madubi ga Kura da Bunkure

Kura ta shahara tun ƙarni na 19 da rini da bugu. Daga karofinta ake fitar da baƙin rawani mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, da turkuɗi, ana kai su Agadas da sauran ƙasar Abzin. A wurin Buzaye naɗa rawani shi ne shaidar yaro ya zama namiji. Ke nan tufar da ta fito daga wata ƙasa ta shiga tsarin girmar samarin Nijar tun kafin zuwan silima, kuma ba ta ɓata kowa ba, saboda manya ne ke naɗa ta, suna haɗa ta da kunya da kamun kai. Wannan shi ne bambancin rawanin Kura da akwatin Jimi, kuma yana ƙarfafa hujjar da ta gabata.

Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Noman rani na alkama da shinkafa da tumatir ya ba saurayi damar samun kuɗin kansa, ta ƙwadago ko hayar fili, ba tare da jiran rabon gandu ba. Alheri ne babba, amma ya sauya hannun da ke tufatarwa. Saurayin da ke sayen rigarsa da babur ɗinsa da wayarsa yana zaɓen abin koyinsa, kuma akwatin yau yana buɗewa a fuskar waya kowace rana.

Kammalawa

Fim ɗin Mustafa Alhassan ya cancanci a nazarce shi a sassan nazarin addini da tarbiyya, domin ya nuna da hoto abin da wa'azi kan faɗa da baki. Ya nuna cewa hani kaɗai ba ya riƙe saurayin da aka bari babu matsayi. Aikin da ya rage wa iyaye da malamai a yankin noman rani shi ne su mayar wa matakan girma ma'anarsu: saukar karatu, mallakar fili, shugabancin ƙungiyar masu shayar da gona, da aure. Saurayin da garinsu ya ba shi rigar da yake alfahari da ita ba zai yi saurin karɓar wadda ba a ɗinka dominsa ba.